Farin Layi a Wuyan Zaki

Litinin, 1 ga Satumba, da la'asar

Na iso Rano ana ruwa. Inna ta dube ni, ta dubi akwatin kayan aikina, ta ce wa ƙanena Ubaidullahi, "Kai mata ciki." Ni 'yar fari ce, don haka a gidan nan sunana "ke", in an ji daɗina kuma "yarinyar nan". Na yi digiri biyu, matsayin bai canja ba.

Bari in rubuta abin da ya kawo ni. Baba ya yi shekara arba'in yana zane a bayan motoci masu bodin katako. In mota ta mutu, sai ya bi ta har gareji ya ɓalle allon bayanta ya kawo gida. Suna nan jingine a shagon da ke jikin zaure. Salma, mai gidan baje kolin zane da nake wa aiki a Legas, ta ga hotunansu a wayata bara, ta nace sai an kawo su. Za a baje su a watan Nuwamba. Nawa shi ne in share su, in kashe gara, in liƙe fentin da ke ɓarewa, in sa su a mota. Abin da nake wa zanen mutanen da ban sani ba ke nan kullum. Dangi suna ce mini likitar hoto.

Wannan ne ya kawo ni.

Baba yana zaune a kujera mai taya a zaure. Hannunsa na dama da ya shanye yana kan cinyarsa kamar ajiyar wani. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da rabin baki yana kallon ƙofa. Ubaidullahi ya ce da sauƙi.

Talata, da hantsi

Na buɗe shago. Warin damina, kashin ɓera, fumfuna ta yi fari a bayan katako. Amma da na ja su zuwa haske, sai na tsaya. Zakuna masu jan baki, shaho ya danne maciji, kada, ɗawisu, raƙumi, jimina mai kallon raini irin na matan manya a wurin biki, da wani kifi da Baba ya yi wa gashin ido. Shuɗinsa har yanzu ba na ganin irinsa ko'ina.

Wani ya bi da yawansu ya ja musu farin layi a wuya.

Fentin mai ne, sabo, na danna farce ya lotsa. Layin ba shi da kyau. Yana rawa, ya yi kauri a farko, ya tsinke a tsakiya, an sake tsoma buroshi an ci gaba. Na san ma'anarsa, duk wanda ya yi Islamiyya ya sani. In an raba kai da jiki, zanen ya daina zama surar abu mai rai, wanda ya yi shi kuma ba za a ce ya hura masa rai ranar hisabi ba. Muna yara haka muke wa hotunan littafin Turanci da biro. Ban taɓa zaton zan ga an yi wa zakin Baba ba.

Na sami Ubaidullahi yana wanke babur. Tun da ya fara zuwa karatun wani malami bayan asuba wandonsa yake ta hawa sama.

Na ce, "Kai ne?"

"Ni ne me, Yaya?"

"Mahaucin."

Ya matse tsumma, ya dube ni, ya ce, "Yaya, kin karya kuwa? Akwai ƙosai."

Bai ce shi ne ba. Bai ce ba shi ba ne.

Laraba, da azahar

Na tura wa Salma hotuna. Ta kira nan take.

"Khadija, wane ne wannan ɗan ta'addan?"

"Ɗan gida ne."

"Zai fita?"

"Sabo ne. Zai fita."

"To ki fitar da shi. An riga an buga takardar gayyata da hoton shahon nan, wuyansa lafiya lau. Ya jikin Baba?"

Na ce da sauƙi. Kalmar tana da daɗin faɗa, na gane abin da ya sa kowa ya riƙe ta.

Alhamis, da yamma

Yini guda a kan wuyan shaho. Auduga a kan tsinke, a tsoma a sinadari, a mirgina a hankali, a jefar, a naɗa wata. Ba a gogawa, mirginawa ake yi. Farin yana tasowa, gashin shaho yana fitowa ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya, ja da ruwan ƙasa, kowane da bugun buroshi guda. Ban taɓa na ƙasa ba ko kaɗan. Malaminmu a Zariya ya taɓa cewa a gaban aji hannuna kamar an kafe shi da ƙusa. Shi ne yabo ɗaya da na riƙe daga jami'a, kuma yau na ci amfaninsa.

Inna ta leƙo sau ɗaya, ta ga abin da nake yi, ta koma. Na ji tana daka, alhali na ga garin da aka niƙo jiya.

Juma'a

Likita ya zo. Ya daɗe a ciki. Ni ina shago, gara ba ta san Juma'a ba.

Asabar, da hantsi

Na sa Ubaidullahi ya kama mini muka fito da shahon zuwa zaure, muka jingine shi gaban Baba. Na tsaya gefe kamar ɗalibar da ke jiran maki.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya juya fuskarsa wajen bango.

Inna ta kawo koko, ya ƙi. Ta dawo da shi da ɗumi, ya ƙi. Ubaidullahi ya ɗauke shahon shi kaɗai, bai nemi in kama masa ba.

Masu zane ba sa son a taɓa musu aiki, ko gyara ne. An koya mana wannan a aji.

Litinin, 8 ga Satumba, bayan la'asar

Na je Kano sayo auduga da maganin gara. Na dawo na tarar shaho da sabon layi a wuya, a daidai inda na cire wancan. Har ya fi shi kauri.

Na jawo kujera na zauna ina kallo, tunda aikina ke nan kafin komai, kallo.

Layin daga dama ya taso zuwa hagu. Dukansu haka suke. Kuma duka a tsayi ɗaya suke daga ƙasa, daidai inda hannun mutumin da ke zaune zai kai. Jimina da raƙumi, da wuyansu yake can sama, ba a taɓa su ba.

Ubaidullahi dogo ne, kuma da dama yake rubutu.

Da na kai wa Baba ruwan alwala na ga fari a ƙarƙashin farcen babban yatsansa na hagu.

An yi ruwa sosai a hanyar Bunkure. Gero ya yi kyau bana.

Talata

Na kulle shago. Makullin yana cikin jakata.

Laraba, da safe

Na liƙe fentin kada daga baya, inda babu wanda zai gani. Aiki mai kyau.

Alhamis, da azahar

Inna ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado. A iya sanina ba ta taɓa yi ba. Ta ɗauki ɗankwalina tana ninkewa, ta warware, ta sake ninkewa. Da shi take magana, ba da ni ba.

"Tun da abin nan ya same shi, ya ce suna zuwa. Ba sa yi masa komai. Tsayawa suke a bakin ƙofa suna jira."

"Su wa?"

"Ke ma kin sani. Na shago." Ta shafa ɗankwalin. "Wai jira suke ya ba su abin da ba shi da shi. Wanda duk ya ja wa layi, sai ya daina zuwa. Ni nake riƙe masa gwangwani. Yaron nan shi ke tura kujera."

"Shahon fa?"

"Ya dawo ranar Asabar."

Na ce, "Inna, me ya hana a faɗa mini?"

Sai a lokacin ta dube ni. "Ya faɗa miki? Shi? Yaushe aka fara?"

Ta ajiye ɗankwalin ta fita.

Doka ta farko a aikinmu ita ce, in mai zanen yana raye, shi ake tambaya. Na taɓa hawa jirgi har Akara don in tambayi wani mutum ko tsatsar da ke jikin ƙarfensa ta ganganci ce. Ya ce shi ma bai sani ba, muka sha shayi na dawo. A nan mai zanen bango ɗaya ne tsakanina da shi.

Juma'a, da hantsi

Na samo dabara, kuma na ji daɗin kaina.

Akwai wani siririn shafi mai kamar ruwa da muke sawa tsakanin tsohon fenti da sabo. In ya bushe ba a ganinsa. Duk abin da aka ɗora a kansa, ranar da aka so sai a ɗauke shi, na ƙasa bai san an yi ba. Zan shafa wa wuyan waɗanda suka rage, Baba ya ja layinsa a kai. Kowa ya samu nasa.

Na faɗa wa Salma. Ta ce, "Kai, Khadija, kanki yana ja! Kin ga sai a bar masa su haka, mu kuma daga baya, in an..."

Ta tsaya.

Na ce, "In an me?"

Ta ce layin waya ba kyau.

Asabar, da safe

Na buɗe shago. Ubaidullahi ya turo kujerar Baba, Inna ta zo da gwangwani. Ba wanda ya ce komai game da makulli, a gidan nan mun iya wannan.

Muka kwantar da allon jimina a kan benci don hannunsa ya kai. Ya ja. Raƙumi ma haka. Da aka zo kan kifi, Ubaidullahi ya tsaya yana juya allon.

"Baba, shi wannan ina wuyansa?"

Baba ya yi wani sauti, muka ruɗe, ashe dariya ce. Inna ta rufe baki da gefen zane. Ya nuna bayan kunnen kifin da gindin buroshi, ya ɗora.

A nan ne ya ji. Buroshin ya zame masa fiye da yadda ya saba. Ya tsaya, ya shafa wurin da yatsa, ya kai hanci. Shekara arba'in yana shaƙar fenti, ni kuma na zaci zan wuce da kwalba ɗaya daga Legas.

Ya ce da Ubaidullahi, kalma ɗaya ɗaya, kamar yana ɗauko su daga rijiya, "Tambaye ta. Zai fita?"

Ubaidullahi ya dube ni. Ina tsaye a gabansu, amma sai da ya maimaita. "Yaya, wai zai fita?"

Na ce, "Zai fita."

Baba ya ƙarasa layin kifin. Ya miƙa wa Inna buroshi. Aka tura shi ciki.

Lahadi

Bai fito zaure ba.

Litinin, 15 ga Satumba, da magariba

Bai fito ba. Baffa ya zo daga ƙauyen Fammar, ba ranar zuwansa ba ce. Mata suna shigowa bibbiyu, suna fita suna magana ƙasa ƙasa. Na gama maganin gara gaba ɗaya. Na sake bi, ko na tsallake wani rami.

Laraba, da hantsi

Tun jiya kalma ɗaya yake faɗa: Kibiya. Inna ta zaci wani yake so a kira. Ubaidullahi ne ya gane.

"Motar Alhaji Muntari na garin Kibiya yake nufi, Yaya. Ita kaɗai ta rage a hanya cikin waɗanda ya zana. Akwai zaki a bayanta."

"Sai ka je ka ja masa."

"Na ce zan je. Ya girgiza kai." Ya sosa gemunsa da bai gama yanke shawarar fitowa ba. "Ni ko layin littafi ban iya bi ba. Ya san wanda ya iya riƙe buroshi a gidan nan."

Na ce ina da aiki. Ya ce to.

Na sa gwangwanin Baba a jaka, da buroshinsa. Na sa kwalbar shafin nan tawa ita ma.

Alhamis, da la'asar

Kibiya. Na sami motar a bayan rumbunan 'yan hatsi, ana loda mata sabon gero. Alhaji Muntari yana zaune a inuwa yana ba da umarnin da ba wanda ke saurara. Tsoho ne gajere, haƙorin Makka ɗaya, murya kamar ta injin motarsa.

"A'a! 'Yar Malam Lado! Likitar hoto da kanta! Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba Alhaji."

Ya dube ni ya ce, "Allah ya sa kaffara ne." Bai ƙara tambaya ba, na gode masa a zuci.

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya cire hula ya sosa kai.

"Ni dai ban ga laifin zakin nan ba. Shekara da shekaru muna tare, ko akuya bai taɓa kamawa ba. Amma mota ce tawa, hannu nasa ne. In shi ya ce, ki ja. Su biyun za ki yi wa?"

"Su biyu?"

"Au. Ba ki taɓa ganinta ba?"

Muka zaga baya. Ƙura da hayaƙi sun dusashe shi, amma shuɗin yana nan. Zaki ne babba, ya fi na gida duka, yana tafiya a hankali. A gefensa wata yarinya ce 'yar ƙarama cikin rigar makaranta, jakar buhu a rataye, ta kama gezarsa da hannu ɗaya kamar mai jan ɗan akuya zuwa kiwo. Ta ɗaure fuska. Ba ta kallon zakin, ba ta kallon kowa.

Alhaji ya ce, "Shekarar da aka sa ki a firamare ya yi shi. Na ce Malam, ni zaki kawai na ce. Ya ce yarinyar gyara ce. Ke ai kin sha yawo, 'yata. Kin je Fatakwal, kin je Maraɗi, kin kwana a Lakwaja ba adadi. Duk direban da ya biyo ni a baya sai ya sha harararki."

Na ce, "Hancin ba nawa ba ne."

"Ƙwarai kuwa. Amma ɗaure fuskar fa?"

Masu lodi suka yi dariya. Aka kawo mini buhu biyu na taka. Na wanke wuyan zakin da na yarinyar da ruwa da auduga, na jira suka bushe. Na buɗe jaka.

Zakin bai ba ni wahala ba.

Kwalbata ta dawo Rano yadda ta tafi, ban ko buɗe murfinta ba.

Juma'a, da safe

Na shiga ɗakin da wayata. Inna ta ɗaga masa kai, na riƙe masa hoton kusa. Ya kalli zakin. Ya ɗaga yatsa, na matsar masa zuwa ɗaya gefen. Ya daɗe a nan.

Ya yi magana, ban ji ba. Inna ta kai kunne.

"Wai zai fita?"

Na ce, "Ba zai fita ba, Baba."

Ya sake magana. Inna ta saurara, ta ɗago, bakinta yana motsi.

"Wai a ce miki na biyun ya yi rawa."

Na duba. Gaskiya ne. Na zakin a miƙe yake kamar an sa ma'auni. Na yarinyar ya yi kauri a farko, ya tsinke a tsakiya, an sake tsoma buroshi. Da a bango na gan shi ban san mai shi ba, da na ce hannu ɗaya ne da na shago.

Yana kallona. Ni, ba ƙofa ba. Rabin bakin da ke aiki ya ɗan ɗaga.

Ya sha koko cokali kaɗan.

Asabar, da hantsi

Na sa aka buɗe ƙofar ɗakinsa, muka jera jimina da raƙumi da kifi a tsakar gida inda zai hango. Na ɗauke layukan ranar nan, sun fita cikin sauƙi kamar yadda na yi alkawari. Na wanke shafin da ke ƙasa. Na sake ja da fentinsa, kai tsaye. Ubaidullahi yana riƙe da gwangwani, yana ba ni shawarar da ban nema ba game da wuyan kifi.

Inna ta ce ya yi barci mai kyau.

Lahadi, da azahar

Na kira Salma na ce layukan suna nan, duka, kuma in sun bushe ba mai raba su da na ƙasa sai ya ɓata zanen.

"Khadija, aikinki fa cirewa ne."

"Aikina tambayar mai zane ne. Na tambaya."

Ta ce za ta yi tunani. Na ce ta yi.

Talata

Laraba, 24 ga Satumba

An shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gida. Alhaji Muntari ya zo da motar, ya ajiye ta nesa, bayanta yana kallon gidan.

Asabar, da la'asar

Mutane sun fara raguwa. An mayar da kujerar cikin shago, ban san wa ya yi ba.

Salma ta kira ta yi abin da ake yi, ta yi shi da kyau. Kafin ta ajiye ta ce in turo su yadda suke, za ta sake buga takardar gayyata. Ta tambayi shekarar da za a rubuta a ƙarƙashin kowane. Na ce ta rubuta biyu: shekarar da ya fara, da bana.

Ta ce, "Dukansu?"

Na ce dukansu bana aka gama.

Inna ta shigo ɗazu ta tarar ina naɗe allunan da bargo. Ta kama mini gefe ɗaya ba tare da na ce ba. Ta dubi hannuna ta ce, "Ke, ba ki wanke wannan ba har yanzu?"

Fari ne a ƙarƙashin farcen babban yatsana. Akwatina cike yake da abin da zai cire shi.

Na ce mata sai an jima.